Wankin Miki da Tukunyar Oksijin: Kira Ga Masu Kula da Majinyata

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka sam mana fili a jaridarka mu yi magana da 'yan'uwanmu ma'aikatan jinya, musamman mataimaka da masu kula da tsofaffi da waɗanda ciwo ya kwantar. Su ne suka fi kowa daɗewa a bakin gado. Likita zai duba ya wuce, babbar nas tana da gadaje da yawa a wuyanta, amma mai juya majinyaci da canza masa zanin gado shi yake ganin fatarsa kullum, kuma hannunsa ne ke kan tukunyar oksijin da tsakar dare. Duk da haka shi aka fi bari ya koyi aikin da ka, yana kwaikwayon na gaba da shi, da daidai da kuskure duka. Da gangan muka haɗa maganar miki da ta oksijin a wasiƙa ɗaya, domin sau da yawa a gado ɗaya suke haɗuwa, kuma abin da aka shafa wa fata don ta warke yana iya zama abin da wuta za ta fara ci.

Aikin miki daga hannu yake farawa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce sakan 40 zuwa 60 idan da sabulu da ruwa ne, sakan 20 zuwa 30 idan da man goge hannu mai sifirit ne. Safar hannu ba ta ɗauke wa mutum wannan wanki. Safa biyu ake bukata a kowane miki: ɗaya ta cire tsohon bandeji, a tuɓe ta, a sake tsabtace hannu, sannan a sa sabuwa kafin a taɓa kayan da za su shiga cikin mikin. Wanda ya cire ƙazamin bandeji ya kuma ɗauko sabon gos, wato ƙyallen goge miki, da safar nan, ya mayar wa majinyaci da abin da ya cire masa ne kawai.

Idan bandeji ya manne, kada a fizge. A jiƙa shi da salin, ruwan gishirin asibiti, a ba shi 'yan mintoci ya saki da kansa, domin abin da ya manne masa sabon nama ne da jiki ya kwana yana ginawa. Filasta kuma a danne fata da yatsa ɗaya, a ɓare ta a kwance, ana bin inda gashi ya kwanta. Kafin a jefar da tsohon bandejin a dube shi: yawan ruwan da ya sha, launinsa, da warinsa. Rabin labarin mikin yana nan.

Ruwan wanki shi ne salin, wato ruwan gishiri na asibiti mai ƙarfin kashi 0.9 cikin ɗari, giram 9 na gishiri a lita ɗaya. Ya fi kyau ya zama da ɗan ɗumi kamar na jiki, saboda ruwan sanyi yana daƙile aikin ƙwayoyin da ke gyaran nama na wani lokaci, ga kuma zafin da yake sa wa majinyaci. Kwalbar da aka buɗe a rubuta mata rana da lokaci, idan ta wuce awa 24 a zubar. Ana goge miki daga wuri mai tsabta zuwa mai datti, kowane gos shafa ɗaya tak sai kwandon shara. Ɗinkin tiyata a bi layinsa daga sama zuwa ƙasa sannan a fita gefe. Buɗaɗɗen miki a fara daga tsakiya a yi waje. Mai zurfi ya fi son a fesa masa salin da sirinji a hankali maimakon dirza. Auduga ba ta shiga cikin miki, tana barin zare a ciki, jiki kuma ya ɗauki zaren a matsayin baƙo ya tara masa mugunya.

A nan ne muke da ja da abin da aka saba. Mutane da yawa, har da ma'aikata, sun yarda cewa idan magani bai yi zogi ba to bai yi aiki ba. Sai a tuttula sifirit ko haidurojin a cikin ɗanyen nama, a ga kumfa ta taso, rai ya yi fari. Gaskiya ne suna kashe ƙwayoyin cuta, amma suna kashe sabon naman tare da su, shi ya sa mikin da ake yi wa haka kullum yake tsayawa cak, makonni ba ya motsi. Sifirit na lafiyayyar fata ne kafin allura. Aidin yana da wurinsa a mikin da ya ruɓe, amma bisa umarnin likita ko babbar nas, kuma na ɗan lokaci. Fasa kafso a barbaɗa garinsa a miki ba magani ba ne, koya wa ƙwayoyin cuta jure wa maganin ne. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma babu inda ya fi ɗaure majinyaci kamar nan.

Haka ma batun a bar miki ya sha iska ya bushe. Tun 1962 wani masani a Ingila mai suna George Winter ya nuna, a gwajin da ya yi a fatar alade, cewa mikin da aka rufe yana da danshi ya fi saurin rufuwa nesa ba kusa ba a kan wanda aka bari ya yi ɓawo. Dalili kuwa sabuwar fata rarrafe take yi daga gefe zuwa tsakiya, kuma a kan danshi take tafiya. Abin da ake nema shi ne danshi a cikin mikin, bushewa a fatar da ke kewaye. Idan gefen ya yi fari ya saki kamar yatsan da ya daɗe a ruwa, bandejin ya cika, ana bukatar mai shan ruwa sosai ko a riƙa canzawa da wuri. Idan ya jiƙe har ya ɓullo waje, a canza nan take ko da lokacinsa bai yi ba, domin jiƙaƙƙen bandeji hanya ce ta ƙwayoyin cuta daga waje zuwa ciki.

A riƙa auna miki da santimita aƙalla sau ɗaya a mako, tsawo da faɗi da zurfi, a rubuta. Rubuta "miki yana samun sauƙi" bai gaya wa wanda zai karɓi aiki komai ba. A faɗi launi: ja mai ƙyalli sabon nama ne, rawaya mai yauƙi mataccen nama ne da ke bukatar wanda ya ƙware ya cire, baƙi kuma ya mutu ya bushe. Mataimaki ba ya sa almakashi a miki. Baƙin ɓawo busasshe a diddige, musamman ga mai ciwon suga ko wanda jini ba ya isa ƙafarsa sosai, kada a jiƙa shi kada a ɓare shi, a ɗage ƙafar daga katifa a kira likita.

Alamomin da ba a kwana da su: zogi yana ƙaruwa maimakon raguwa, kumburi da zafi suna faɗaɗa, mugunya, wari, zazzaɓi. Idan majinyaci ya fara ruɗewa ko barci mai nauyi, numfashinsa ya yi sauri, fitsarinsa ya ragu, to ruɓar tana iya kasancewa ta shiga jini, kuma wannan maganar mintoci ce. Littattafan koyarwa da yawa suna cewa a nemi ja a fata. A baƙar fata jan ba ya fitowa yadda suke zana shi. Abin da za a nema shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu ko ya yi shuɗi-shuɗi, ya yi tauri ko laushi fiye da kima, ya yi zafi ko sanyi idan an taɓa da bayan hannu. Dole a duba da haske mai kyau, kuma dole a taɓa.

Wannan ya kawo mu ga gyambon kwanciya, wanda a ganinmu shi ne ma'aunin aikin mai jinya. Idan nauyin jiki ya matse fata tsakanin ƙashi da katifa, ƙananan jijiyoyin jini suna rufewa, naman ya rasa abinci ya fara mutuwa, kuma daga ciki kusa da ƙashi yake farowa. Shi ya sa abin da ido ya gani a sama ƙarami ne a kan abin da ke ƙasa. Wuraren da ya fi kamawa su ne ƙashin gindi, kwatangwalo, diddige, idon sawu, gwiwar hannu, allon kafaɗa da ƙeya. Mataki huɗu ake kasa shi: na farko fata ba ta fashe ba amma launinta ya sauya kuma bai koma ba bayan an ɗauke nauyi, na biyu ta saluɓe ko ta yi bororo, na uku ya kai kitse, na huɗu ana ganin tsoka ko ƙashi. Na farko yana iya warkewa cikin kwanaki idan an ɗauke masa nauyi. Na huɗu watanni ne, wani lokaci ma shi ke ajalin mutum.

Wanda ba ya iya motsi da kansa a juya shi kamar kowane awa 2, dare da rana, a rubuta lokaci da ɓangaren da aka kwantar da shi. Ba a kan kwatangwalo tsaye ake kwantar da shi ba. A karkata shi kamar digiri 30, a tokare bayansa da matashi, a sa wani tsakanin gwiwoyi. Diddige a sa matashi a ƙarƙashin sha-raɓa gaba ɗaya har ya zama yana lilo bai taɓa komai ba. Ba a jan majinyaci a kan zanin gado, mutum biyu ne za su ɗaga shi da zani, domin ja yana sa fata ta tsaya ƙashi ya zame, jijiyoyin da ke tsakani su yage. Ba a murza wurin da ya fara sauya launi, murzar tana ƙara ɓata naman da ya riga ya jigata. Matashin nan mai rami a tsakiya shi ma a bar shi, yana taƙure jini a kewaye. Fitsari da bayan gida a share nan take, a bushe fata da dannawa ba da gurzawa ba. Ma'aunin Braden na gano wanda gyambon kwanciya zai iya kamawa, wanda aka fitar a 1987, yana duba abu shida: jin taɓi, jiƙewar fata, zirga-zirga, iya motsi a gado, cin abinci, da gogayya. Makinsa daga 6 ne zuwa 23, wanda ya samu 18 ko ƙasa da haka yana cikin haɗari. Kuma miki ba ya rufuwa a jikin da ba ya samun abinci mai gina jiki da isasshen ruwa, don haka kwanon da ya dawo ba a ci ba shi ma abin rubutawa ne.

Sauran a taƙaice. Jini a danne shi da gos minti 10 ba tare da ɗagawa ana leƙe ba, idan ya jiƙe a ɗora wani a kai. Ƙuna a sa ta ƙarƙashin ruwa mai sanyi yana gudu minti 20, ban da ƙanƙara, ban da mai, ban da man goge baki. Fatar tsoho idan ta yage a mayar da ɓallin wurinsa da jiƙaƙƙen gos, a rufe da bandejin da ba ya mannewa, a zana kibiya a kai mai nuna ta inda za a ɓare. Rauni mai datti ko na huda a tambayi yaushe rabon mutum da allurar tetanus, idan ya haura shekara 5 a sanar da likita.

Yanzu oksijin. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari ce oksijin. Ita kanta ba ta kamawa da wuta, amma inda ta yi yawa, abin da a da sai an sha wahala yake kamawa zai kama da ɗan tartsatsi, ya ci da sauri da zafin da ba a saba gani ba. Da zarar ta haura kashi 23.5 a ɗaki, masana harkar kariya suna lissafa wurin a matsayin mai haɗari. Iskar da ke tsiyaya daga robar hanci tana shiga gashi da gemu da riga da bargo ta zauna, kuma tana nan ko bayan an kashe, sai an ba kayan aƙalla minti 15 sun sha iska. A watan Afrilun 2021 gobarar da ta tashi daga tukwanen oksijin a asibitin Ibn al-Khatib da ke Bagadaza ta kashe aƙalla mutum 82, da yawa daga cikinsu majinyatan da ba sa iya tashi su gudu.

Saboda haka, mita 3 tsakanin oksijin da duk wata wuta mai harshe, sigari ne ko ashana ko kyandir ko risho, mita ɗaya da rabi kuma tsakaninta da hita da makamantanta. Robar hanci da aka cire don majinyaci ya ci abinci kada a ajiye ta kan bargo iska tana zuba, a kashe. Mai da maiƙo su ne manyan abokan gaba. Ba a shafa wa bakin tukunya ko ragileta, wato abin da ke daidaita ƙarfin iskar, giris don ya yi saurin juyawa, ba a taɓa su da hannu mai man shafawa, kuma wanda ya goga man sifirit a hannu ya jira ya bushe sarai. Idan aka buɗe tukunya da ƙarfi lokaci ɗaya, iskar da ta danno cikin ragileta tana yin zafi sosai nan take, kuma ɗigon maiƙo ya isa ya kama a cikin ƙarfen. A buɗe a hankali, mutum yana tsaye a gefe, fuskarsa ba ta saitin agogon da ke nuna yawan iskar tukunya ba.

Ga inda maganar biyu ta haɗu. Oksijin yana busar da hanci da leɓe, mai jinya kuma don tausayi sai ya ɗauko basilin ya shafa. Basilin daga man fetur aka samo shi, kuma an ɗora shi daidai inda oksijin ya fi yawa. Abin da ya dace shi ne man jel mai ruwa, irin wanda ake shafa wa robar fitsari kafin a sa ta. Haka man shafawa mai farafin da ake yi wa busasshiyar fata da gos mai maiƙo da ake ɗora wa ƙuna: suna jiƙa bandeji da zanin gado, su bushe a ciki, wanki ma ba ya fitar da su duka. Majinyacin da ke da waɗannan a jiki kuma yana kan oksijin, a riƙa canza masa zani kullum, a kuma gaya wa masu ziyara dalilin hana wuta a fili. Sannan ita robar kanta tana yin miki. Bayan kunne, karan hanci, kumatu da cikin ƙofar hanci a duba su aƙalla sau biyu a rana, a sassauta igiya, a sa ɗan gos a bayan kunne. Wani abin kuma: mai wahalar numfashi dole a ɗaga masa kan gado, ɗagawar da ta wuce digiri 30 kuwa tana sa shi zamewa, ƙashin gindi ya ɗauki nauyin. Numfashi ne gaba, ba a kwantar da shi don kare fata, amma a ɗan ɗaga wajen gwiwoyi don kada ya zame, a kuma ƙara yawan duba bayansa.

Oksijin magani ne, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma yana da adadi kamar kowane magani. Mataimaki ba ya ƙarawa ko ragewa don dangi sun matsa. Ga yawancin manya ana neman na'urar yatsa mai auna oksijin a jini ta nuna kashi 94 zuwa 98. Masu daɗaɗɗen ciwon toshewar huhu 88 zuwa 92 ake nema musu, domin idan aka cika musu, gurɓatacciyar iskar da jiki ke fitarwa tana taruwa a jininsu, su yi ta barci, a zaci sauƙi ne alhali suma ce ke tafe. Bakwaini kuma yawan oksijin yana lalata musu ido har makanta. Robar hanci tana ɗaukar lita 1 zuwa 6 a minti. Takunkumin fuska na gama-gari lita 5 zuwa 10, ba a sauka ƙasa da 5 saboda majinyaci zai riƙa sake shaƙar abin da ya fitar. Mai jaka lita 10 zuwa 15, kuma sai jakar ta cika kafin a ɗora. Ma'aunin gudun iska a tsaye ake karanta shi, ido a saitin tsakiyar ƙwallon. Idan lambar na'urar yatsa ta faɗi, kafin komai a bi robar da hannu daga hanci har tukunya, sau da yawa lanƙwashewa ta yi ko ta cire ko tukunyar ta ƙare, a kuma kira babba a lokaci guda.

Na'urar yatsa tana yin ƙarya idan hannu ya yi sanyi, ko yana rawa, ko akwai jan farce. Wanda ya shaƙi hayaƙin janareto tana iya nuna masa lamba mai kyau yana cikin halaka. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2020 ya gano cewa ta fi ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata kusan ninki uku a kan farar fata. Don haka a ƙirga numfashi na minti ɗaya cur, a duba harshe da cikin leɓe, a lura ko mutum yana iya gama jimla ba tare da ya tsaya ba. Idan lamba ta ce lafiya jiki ya ce a'a, jiki ake bi.

Lissafin tukunya kowa ya iya shi. Ƙaramar da ake kira E tana ɗaukar lita 680 idan ta cika, babbar J kuma lita 6,800. A raba abin da ya rage da gudun da aka sa. E cikakkiya a lita 15 minti 45 ce kawai. Idan allurar agogo tana rabi, saura lita 340, a lita 5 bai fi awa ɗaya da 'yan mintoci ba. Da wannan ake sanin ko za ta kai majinyaci ɗakin hoto ta dawo da shi. Allura ta kai kwata, a kawo wata. Tukunya a tsaye take zama, ɗaure da sarƙa ko a kan kekenta, ba a mirgina ta, ba a ɗora ta a gado kusa da majinyaci, domin idan ta faɗi kanta ya karye ƙarfin da ke ciki zai harba ta. Cikakku gefe guda, waɗanda suka ƙare gefe guda. Launi ya bambanta, a wasu ƙasashe farar kafaɗa, a Amurka kore, saboda haka rubutun jikinta ake karantawa.

Injin tace oksijin yana ba da kusan kashi 90 zuwa 96. A ba shi tazarar santimita 30 daga bango da labule, a wanke soson tace ƙurarsa duk mako a bar shi ya bushe kafin a mayar, a jona shi a soket nasa shi kaɗai, kuma kullum a ajiye cikakkiyar tukunya da sifana kusa saboda ɗaukewar wuta. Kwalbar danshi, wadda oksijin ke bi ta cikinta don kada ya busar da hanci, ruwan da aka tace na asibiti ake zuba mata, a canza kullum, idan ba haka ba ta zama matattarar ƙwayoyin cuta da ake hura wa majinyaci kai tsaye cikin huhu. Idan wuta ta tashi, a cire robar daga fuskar majinyaci, a rufe oksijin idan hannu zai kai ba tare da haɗari ba, a fitar da shi, a yi ihun neman taimako, a rufe ƙofa.

Roƙonmu ga shugabannin asibitoci da gidajen jinya shi ne kada a bar sabon ma'aikaci shi kaɗai da miki ko tukunya sai wani babba ya tsaya a kansa ya ga ya yi da hannunsa. A rataya wa kowace tukunya kati mai nuna litar da ke cikinta da mintocin da za ta yi a lita 2 da 5 da 10 da 15. A kuma sa jel mai ruwa a cikin kayan kowane ɗakin da ake ba da oksijin, domin muddin babu shi a kusa, basilin za a ci gaba da ɗaukowa.

Mun gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Daga wasu malaman koyar da aikin jinya